Raɓa da Hazo a Kan Tsaunuka

Wata safiya cikin kaka, muna komowa daga gonar makaranta, ƙafafun wandunanmu sun jiƙe sharkaf, sai gardama ta tashi tsakaninmu. Wani ya ce, "Daren jiya raɓa ta sauka da yawa." Wani ya ce masa, "Daga ina ta sauka, alhali tun magariba har asuba babu ko ƙyallin girgije a sama?" Na farko ya ce ai haka kowa ke faɗa tun kaka da kakanni. Na uku ya tsoma baki, ya ce shi a ganinsa raɓa gumin ƙasa ce. Na huɗu kuwa ya ce ciyawa ce ke fid da ita da kanta. Muka yi ta ja-in-ja har aka buga ƙararrawa, ba wanda ya ka da wani. Da muka kai maganar gaban malaminmu bai raba gardamar ba, sai ya ce mu je mu bincika, mu rubuto abin da muka samu don sauran 'yan'uwa su karanta.

Da fari mun ɗauka ƙaramar magana ce. Da muka bi ta, sai ta kai mu har kan tsaunuka, inda muka tarar ruwan shan garuruwa masu yawa yana rataye a kanta. Ga abin da muka samu.

Ruwan da ke cikin iska

Kowa ya san in aka shanya jiƙaƙƙen tufafi ya kan bushe. Ruwan bai ɓace ba, ya zama tururi ne wanda ido ba ya gani, ya shiga iska. Haka rana ke yi wa teku da koguna da gonaki kullum. Saboda haka babu iskar da ba ta ɗauke da ruwa, sai dai wata ta fi wata.

Amma akwai iyakar abin da iska ke iya ɗauka, iyakar nan kuwa tana bin zafi. Mu ƙaddara akwati mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1, cike da iska. In zafin iskar digiri 30 ne a ma'aunin Selshiyas, tana iya riƙe tururin ruwa wajen giram 30, watau kamar cikin cokalin shayi 6. In zafin ya sauka zuwa digiri 20, abin da za ta iya riƙewa giram 17 ne. A digiri 10 kuwa, giram 9 da 'yan kai. To, a ce da la'asar iskar nan tana da zafin digiri 30, tana ɗauke da giram 17. Ba ta ƙoshi ba, da sauran wuri. Dare ya yi, ta huce zuwa digiri 20, yanzu ta ƙoshi. In ta ƙara hucewa zuwa digiri 10, tilas ta sauke wajen giram 8, ya koma ruwa sosai. Wannan mataki na sanyi da iska ke ƙoshi a kansa, shi za mu riƙa kira matakin raɓa.

Muna ganin wannan al'amari kullum a gida. In aka buɗe tukunyar tuwo, a kan tarad da ruwa ya taru a cikin murfi. In aka zuba ruwan ƙanƙara a kwanon sha da damina, nan da nan bayan kwanon ya yi tsatstsafa, alhali ba ya yoyo. Iskar da ta taɓa kwanon ce ta huce ta sauke kayanta. Kada dai mu gama wannan da danshin bayan randa, don shi ruwan ciki ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu.

Yadda raɓa ke samuwa

Wanda ya fara warware maganar raɓa sarai wani likita ne a birnin Landan, sunansa William Charles Wells, ya buga littafinsa a kanta cikin 1814. Ya yi ta kwana a wani lambu yana gwaji da abubuwa masu sauƙin samu. Ya kan auna nauyin ɗan curin gashin tumaki, ya ajiye wani a fili, wani kuma ƙarƙashin 'yar rumfa, da asuba ya sake aunawa. Na fili kullum ya fi shan ruwa. Ya sa ma'aunin zafi a kan ciyawa, wani kuma ya rataye shi sama da ita kaɗan, sai ya ga a daren da sama ta ke garau, iska kuma ta kwanta, ciyawa ta kan fi iskar da ke bisanta sanyi da digiri da dama. In girgije ya gitta, sai zafin ciyawar ya ɗan hau. Mutanen da suna cewa raɓa ce ke kawo sanyi. Shi kuwa ya nuna sanyi ne ke riga zuwa, raɓa ta biyo baya.

Dalilin shi ne, duk abin da ya sha rana, da dare ya kan saki zafinsa. Wanda ya taɓa jingina da bango bayan magariba ya ji yana hura masa ɗumi ya san haka. In sama a buɗe ta ke, zafin nan sai ya wuce can sararin samaniya, ba ya komowa. Girgije kuwa kamar bargo ya ke, ya kan mai da wani sashe na zafin ƙasa. Rumfa da inuwar itace su ma haka su ke yi. Ganyen ciyawa siriri ne, ba shi da ajiyar zafi, ga shi kuma ya ɗaga daga ƙasa, saboda haka shi ke riga kome hucewa. Da ya huce ya wuce matakin raɓa, sai iskar da ke shafarsa ta sauke masa ruwa.

Ashe raɓa na bukatar abu uku: sama garau, iska mai laima, da dare marar guguwa. In iska na kaɗawa da ƙarfi, ta kan gauraya mai sanyi ta ƙasa da mai ɗumi ta sama, ciyawa ba ta samun hucewa. Wannan ya bayyana mana abin da ya daɗe yana ba mu mamaki. Da hunturu dare ya fi sanyi, amma raɓa ba ta cika samuwa ba a ƙasar Kano da Katsina da Damagaram, don iskar da ke busowa daga Sahara busasshiya ce ƙwarai, ko ta huce zuwa digiri 12 ba ta kai matakin raɓa ba. Da kaka kuwa gizagizai sun janye, amma ƙasa da iska ba su rabu da laimar damina ba. Shi ya sa raɓar kaka ta fi ta kowane lokaci yawa.

Kowa da gaskiyarsa

Wells ya ka da mai cewa raɓa daga sama ta ke zubowa kamar ruwan sama. Amma mai cewa gumin ƙasa ce bai faɗi ƙasa warwas ba. Cikin 1885 wani masani na ƙasar Sikotilan, John Aitken, ya kifa faranti a kan ciyawa da dare, da safe ya tarar cikinsa ya jiƙe. Ya kuma yanko ɓangaren ƙasa da ciyawarta ya auna, ya ga nauyinsa raguwa ya ke yi da dare, ko da ya ke ganyen ya sha raɓa. Watau ƙasa mai danshi ta fi ganye ɗumi da dare, tururi na tasowa daga cikinta, ya taɓa ganye mai sanyi ya zama ruwa. Irin wannan raɓa ba ƙari ba ce ga gona, ruwan gonar ne ya tashi daga saiwa ya koma kan ganye.

Na huɗunmu ma yana da rabonsa. Manyan ɗigo da mu ke gani jere a bakin ganyen masara ƙarama, ko a tsinin ganyen gwaza, ba raɓa ba ce. Da dare saiwa na ci gaba da turo ruwa, ganye kuwa ba ya iya sakinsa cikin iskar da ta ƙoshi, sai ya fito ta waɗansu ƙananan kafofi na gefen ganye. Ga yadda za mu bambanta su: raɓa ƙanana ce, ta kan rufe fuskar ganye duka, ruwan tsiro kuwa manya ne, a baki ko a tsini kaɗai.

Yawan raɓa da aikinta

In an ce an yi ruwa milimita 1, ma'anarsa kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ya sami lita 1. Masu aunawa sun tarar da wuya raɓar dare ɗaya ta wuce rabin milimita, galibi ma ba ta kai haka ba. A ce ta kai kashi 2 cikin 10 na milimita. A hekta guda wannan lita 2,000 ke nan, abin kamar da yawa. Amma gonar da ta yi ganye tana iya shan milimita 4 ko 5 a yini ɗaya mai zafi. Saboda haka in manoma sun ce waken kaka da raɓa ya ke nuna, gaskiyar ita ce yawancin ruwansa daga ragowar danshin damina ya ke samu a cikin ƙasa. Raɓa taimako ta ke yi: ta kan jinkirta ƙishin ganye da safe, har sai hantsi ya ɗaga. Ƙananan tsirai marasa saiwa da ke manne a jikin duwatsu, da ƙwari iri iri, su kam da ita su ke rayuwa.

Tana da ɓarnarta kuma. Ƙwayoyin cutar da ke ƙona ganyen dankalin Turawa ba su tsirowa sai ganye ya daɗe a jiƙe, don haka cutar ta fi tsanani a wurare masu sanyi da laima. Makiyaya kuma da ke hana 'yan maruƙa da tumaki fita sai raɓa ta kaɗe suna da hujja, don 'ya'yan tsutsar ciki ta cikin laimar nan su ke bi su hau ganyen ciyawa, dabba ta haɗiye su.

Mu hau tsauni

Duk abin da muka faɗa ya shafi ko'ina. To, me ya sa tsaunuka suka fi kowane wuri raɓa da hazo? Mu ɗauki misalin Tsaunin Mambila, a Jihar Taraba, kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Mai zuwa can ya kan bi ta Serti, ya isa Mayo Selbe a gindin dutse, sa'an nan hanya ta yi ta nannaɗewa tana hawa har Maisamari da Nguroje da Gembu. Tsayin filin saman nan wajen mita 1,600 ne daga fuskar teku. Arewa da shi, cikin Gandun Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991, akwai Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, ba dutsen da ya kai shi a Nijeriya.

Iska ta kan ƙara sanyi gwargwadon hawa, wajen digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000. Ke nan saman Mambila ya fi bakin teku sanyi da kamar digiri 10. Ban da wannan, iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa, saboda haka da dare zafi ya fi saurin tserewa. Filin kuwa ciyawa ce iyakar ganinka, tudu bayan tudu. Da dare iskar da ta huce a kan tuddai ta fi nauyi, sai ta gangara kamar ruwa ta taru a kwaruruka. Da asuba kwari ya kan cika da farin hazo, kan tudu kuwa na cikin sarari. Wanda ya san haka ba zai dasa abin da ba ya jure sanyi a tsakiyar kwari ba. A tsaunukan da suka fi waɗannan tsayi, kamar na Habasha da na Kenya, sanyin ya kan kai inda raɓa ke daskarewa a kan ciyawa, ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri.

Sai mu lura, hazon da mu ke magana a kansa ba irin na hunturu ba ne. Na hunturu ƙura ce, yana busar da leɓe. Na tsauni kuwa ruwa ne, girgije ne sosai wanda ya sauka a ƙasa, ko kuwa mu ce ƙasa ce ta hau ta tarad da shi. Ga yadda ya ke samuwa. Da damina iska mai laima na tasowa daga teku ta kudu maso yamma. In ta ci karo da dutse, ba ta da hanya sai ta hau. Tana hawa tana buɗewa, don nauyin iskar da ke danne ta na raguwa, tana buɗewa kuma tana hucewa, wajen digiri 1 a kowace mita 100. Da ta kai matakin raɓa, sai tururin ya taru a jikin ƙananan ƙwayoyin ƙura da gishirin teku da ke yawo cikinta, ya zama girgije. Masana yanayi suna da ɗan lissafi mai sauƙi: a ɗebe matakin raɓa daga zafin iska, abin da ya rage a ninka shi da mita 125. In zafi a gindin dutse digiri 30 ne, matakin raɓa kuma 22, saura 8. To, 8 sau 125, mita 1,000 ke nan. A nan gindin girgije zai tsaya, duk abin da ya fi haka tsayi yana cikin hazo.

Itace mai tatsar girgije

Nan ne muka iske babban bambanci tsakanin raɓa da hazo. Ɗigon hazo ƙanƙane ne ƙwarai, faɗinsa wajen kashi 1 cikin 100 na milimita, sai an tara kamar miliyan guda kafin a sami ɗigon ruwan sama ɗaya. Saboda rashin nauyi ba ya faɗowa, iska ce ke tafe da shi. In ya bi ta kan fako, sai ya wuce abinsa, ƙasa ba ta sami kome ba. In kuwa ya tarad da ganye ko reshe ko dogon kara, sai ɗigon su manne, su haɗu, su yi nauyi, su ɗiga. Raɓa ba ta son iska, amma tatsar hazo sai da iska, don ita ke kawo sabon girgije bayan wanda aka tatse. Shi ya sa raɓa ke da iyaka, hazo kuwa muddin yana wucewa ana samu.

Wani masanin tsirai, Rudolf Marloth, ya gwada wannan wajen 1903 a kan dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ke bayan birnin Kef, a Afirka ta Kudu, inda girgije ke lulluɓewa da rani. Ya kafa ma'aunin ruwan sama biyu. Ɗaya ya bar shi haka nan, ɗaya kuwa ya tsayar masa da ɗan damin karan ciyawa a bisa bakinsa. Bayan 'yan makonni, mai karan ya tara ruwa fiye da ninki 10 na ɗan'uwansa. Kara a tsaye shi kaɗai ya fi ciyawa cikin cunkoso samun hazo, saboda haka ba za a ce dutsen duka haka ya ke samu ba. Duk da haka gwajin ya nuna akwai ruwa mai yawa da ma'aunin ruwan sama ba ya gani.

Tun kafin masana su auna, waɗansu mutane sun san haka. A tsibirin El Hiyero, ɗaya daga tsibiran Kanariya da ke cikin teku yamma da Maroko, ƙoramu ba su da yawa. Mutanen farko na wurin suna da wani babban itace a kan tudu, suna kiransa Garowe, wanda hazo ke bi ta cikinsa yana ɗiga, suka haƙa ramuka a gindinsa suna tara ruwan sha. Guguwa ta ka da shi cikin 1610, amma har yanzu hotonsa na kan tambarin tsibirin. A ƙasar Cile kuma, a Amurka ta Kudu, akwai wani kurmi da a ke kira Firai Horhe, bisa tuddan bakin teku. Ruwan saman wurin bai kai milimita 200 a shekara ba, ƙasa da abin da Damagaram ke samu, kewayensa duk ƙaya ce da fako. Amma kan tuddan kurmi ne kore shar, don hazon teku na ratsa shi, itatuwan na shayar da kansu. An mai da shi gandun gwamnati cikin 1941.

A yawancin kurmin da ke cikin hazo a ƙasashe masu zafi, an ƙiyasta ruwan da itatuwa ke tatsa ya kan ƙara kashi 5 zuwa 20 cikin 100 a kan ruwan sama, a waɗansu wurare masu iska ma ya fi haka. Irin kurmin nan ba ya ɓoyuwa. Itatuwansa ba su cika tsawo ba, rassansu a karkace, gansakuka ta lulluɓe su, wani tsiro mai kama da furfurar gemu na reto daga gare su, waɗansu tsirai kuma sun yi zamansu a kan rassa, saiwarsu ba ta taɓa ƙasa. Dukansu matsefi ne na tsefe girgije, kuma soso ne na riƙe ruwa.

Abin da ke cikin hatsari

A Mambila kurmi bai rufe ƙasa ba. Ya rage ne a gefen gangara da bakin ƙoramu, kamar zare cikin ciyawa. Mafi shahara shi ne na Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka keɓe cikin 1969. Daga irin waɗannan tuddai Kogin Donga da Kogin Taraba ke tasowa, su zuba cikin Binuwai, ita kuma ta gamu da Kwara a Lakwaja. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Mai kamun kifi a Ibi bai taɓa ganin ɗigon da ke sauka daga ganye a kan dutse ba, amma yana cikin masu cin moriyarsa.

Kurmin tsauni na yi wa ƙorama aiki uku. Na ɗaya, yana tatsar hazo. Na biyu, da ya ke hazo na tare rana, ganye kuma a jiƙe ya ke, itatuwan ba su shan ruwan ƙasa da yawa kamar na kurmin gindin dutse. Na uku, ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a ƙarƙashinsa ya kan sa ruwa ya nutse a hankali, ya riƙa fitowa a idon ruwa har cikin rani. In aka sare shi, hazo ba zai daina zuwa ba, sai dai ba mai karɓarsa. Ruwan saman da ya sauka kuma sai ya kwarara gaba ɗaya, ya tafi da ƙasa. Da damina ambaliya, da rani ƙishi.

Ba mugunta ke sa a taɓa kurmi ba. Sanyin Mambila ya hana ƙudan tsando zama, shi ya jawo makiyaya da shanunsu. Manomi na bukatar gona, uwargida na bukatar itacen girki. Amma wutar da a ke sa wa ciyawa kowace shekara don ta yi sabon toho ta kan lashi gefen kurmi, ta kashe 'yan itatuwa, bana taƙi ɗaya, baɗi taƙi ɗaya. Shanu kuma in sun yi yawa a wuri guda su kan cinye ciyawa har ƙasa, su tattake bakin ƙorama ya yi tauri. Ciyawar tsauni ba wofi ba ce, gwajin Marloth ya nuna dogon kara ma na tatsar hazo, saiwarta kuma ita ke riƙe da ƙasa.

Kada kuma mu ce kowane itace aka dasa ya biya. A Afirka ta Kudu tun 1935 aka fara shirin auna ƙoramu a wani kwari mai suna Yonkashuk, don a ga abin da dashen itatuwan waje ke yi musu. Gwaje-gwajen ƙasar sun nuna in aka cika filin ciyawa da itatuwa masu saurin girma, ruwan ƙorama raguwa ya ke yi. A wani wuri ma da aka dasa itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti, ƙoramar ta ƙafe ƙaf kafin shekara 10. Itacen nan an dasa shi da yawa a Mambila, yana kuwa da amfani wajen gini da makamashi, amma wurinsa ba kan idon ruwa ba ne. Har ma abin da a ke yi a gindin dutse na shafar samansa. Cikin 2001 masu bincike a ƙasar Kosta Rika sun nuna cewa inda aka sare dajin ƙasa, iska ta kan fi zafi da bushewa, gindin girgije ya ɗaga sama. Mu tuna lissafinmu: ƙarin digiri 2 tsakanin zafin iska da matakin raɓa ya isa ya ɗaga girgije mita 250, ya bar kurmin da ke ƙasa da haka a sarari.

Abin da ya rage gare mu

Gobe kaɗan za a rarraba mu makarantu, waɗansunmu a tudu, waɗansu a kwari. Gani ya kori ji, saboda haka ga gwaji uku da kowane malami zai iya yi da almajiransa ba da kashe ko kwabo ba.

1. Da kaka, a sami curin auduga biyu masu girma ɗaya. Da magariba a ajiye ɗaya a kan ciyawa a fili, ɗaya a ƙarƙashin tebur ko rumfa. Da asuba yara su taɓa su faɗi wanda ya fi jiƙa, su kawo dalili.

2. A kifa tasa a kan ciyawa mai danshi, wata kuma a kan busasshen fako. Da safe a duba cikinsu. Daga ina ruwan ya fito?

3. Wanda aka kai ƙasar tsauni ya sami gwangwani biyu, ya tsayar da ɗan damin tsintsiya a cikin ɗaya, ya kafa su a kan tudu ranar da hazo ke wucewa ba ruwan sama. A auna abin da kowanne ya tara, a rubuta a littafi kowace rana.

Yaron da ya ga ruwa na ɗiga daga tsintsiya alhali ba a yi ruwan sama ba, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan kurmin bayan garinsu ba. Shi zai gaya wa mahaifinsa dalilin da ya sa a ke share layin wuta a kewaye kurmi kafin a ƙona ciyawa, da dalilin barin itatuwan kan idon ruwa. Rigakafi ya fi magani, don kurmin da wuta ta ci cikin yini ɗaya, wanda ya ga ƙonewarsa da wuya ya ga komowarsa.

Game da gardamarmu ta ranar nan kuwa, mun koma mun zauna, kowa ya karɓi rabonsa na gaskiya, ban da mai cewa raɓa daga sama ta ke saukowa. Shi ma ya ce ba zai bar faɗin haka ba, tun da ya ke haka harshe ya saba, amma ya yi alkawari in almajiri ya tambaye shi zai gaya masa yadda abin ya ke. Haza wasalam.